Kawu Kwafi-Uku da Tabilet ɗin Inna

Shekara talatin da ɗaya kawuna ya yi a ofishin ajiye takardu, ya fito da ɗabi'u biyu da ko ritaya ba ta raba shi da su ba. Komai sai ya yi masa kwafi uku, har jerin cefane, shi ya sa a bayan idonsa muke kiransa Kwafi-Uku. Sannan ba ya karanta farkon kowace takarda. Wai gaisuwa ce da fatan alheri, maganar tana ƙasa.

Matarsa, Inna, tana da wata 'yar tabilet mai araha, wadda in ka taɓa ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta amsa. Inna ko a jikinta. Kullum da safe takan jingina ta da gwangwanin sukari, ta kunna saƙonnin muryar yayarta da ta rasu bara. Guda goma sha bakwai ne, babu su a ko'ina sai nan, kuma rabinsu faɗa ne. "Ke, kin tashi? Ina tukunyata?" Inna ta yi dariya, ta amsa mata.

Tsautsayi ya sa Kawu ya ci karo da wani shafi da ke koyar da sa wa irin wannan tabilet sabon rikobari. Kamar yadda ya bayyana mana, ya fi sau goma, rikobari wani ɗan ɗakin gyara ne a cikin na'ura. Kamfani ya garƙame nasa, amma in ka ɓalle makullin ka sa naka, sai ka share duk tarkacen da ke sa ta nawa.

"Wa ya ce maka tana damuna?" in ji Inna.

"Ai ba ki san tana damunki ba ne," in ji shi.

Ya kwafe matakan da hannu, kwafi uku: ɗaya a aljihu, ɗaya a bango, ɗaya a fayil. Jan rubutun da ke saman shafin kuwa ya tsallake shi, gaisuwa ce.

Ranar da zai yi aikin, Inna na kasuwa. Na shigo da hantsi na tarar da shi a falo, tabarau a karan hanci, igiyar waya ta haɗa tabilet da tsohuwar kwamfutarsa. Tabilet ta tsaya cak a kan tambarin kamfani, shi kuma yana yi mata fifita da fayil. Na leƙa shafin, na karanta jan rubutun: ɓalle makullin yana goge komai, a fara kwashe abin da ke ciki.

"Kawu, ka kwashe muryoyin?"

"Waɗanne muryoyi? Kauce min daga haske."

Abin haushin, aikin ya yi kyau. Rikobarin ya hau, tabilet ta tashi fes, tana gudu kamar sabuwa. Har yau in na tuna yadda ya riƙa murmushi sai raina ya ɓaci.

Inna ta dawo, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta shafa nan, ta shafa can.

"Ina Yaya?"

Ya fara bayanin makulli, muryarsa na raguwa.

"Kai da ko jerin cefane..." Ta ajiye tabilet ɗin a hankali, ta shiga ɗaki.

Washegari da safe na same shi zaune gaban gwangwanin sukari da biro da takardu uku, yana son rubuta abin da Yaya ke faɗa. Shekara guda yana jin muryar nan kullum, amma tukunyar kawai ya tuna. Ya ɗaga murya a hankali wajen ƙofar ɗaki.

"Da me take farawa ne?"

Inna ta amsa daga ciki.

"Ke, kin tashi?"

Ya rubuta shi a layin farko, sau uku.