Tsawon Aski Ɗaya

A wani shagon buga takardu da ke ƙarƙashin bene akwai wata mata da kowa ke kira 'Yar Mai Aski, ko da yake ta ba arba'in baya. Aikinta buga wa mutane takardun neman aiki da wasiƙun koke. Idan rana ta take, ƙafa ta ɗauke, sai ta zuba wa ƙofa ido, hankalinta ya tafi yawo. A lokacin take rubuta labaranta, a bayan takardun da suka lalace.

Gado ta yi. Babanta ya shekara talatin yana aski, kuma bai taɓa kama kan mutum bakinsa a rufe ba. Da ya ɗaura maka ƙyalle a wuya labari ya tashi, da ya kakkaɓe ƙyallen labari ya tsaya, ko da jarumin yana tsakiyar kogi. Tana ƙarama takan zauna a benci tana kallon tsagaggen madubinsa, gashi na sauka a hankali, muryar Baba na tafe tare da ƙarar almakashi. Labarin da ta fi so shi ne na mutumin da ambaliya ta cinye gidansa, ya ɗauki ƙyauren ɗakinsa a ka yana neman inda zai kafa shi. Farkonsa ta ji ya fi a ƙirga. Ƙarshensa kuwa, ko sau ɗaya.

Yanzu Baba na kwance a ɗakin baya, shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa. Abin da ke cin ranta ke nan, kada ya tafi da ƙarshen labarin a bakinsa.

Duk Asabar da la'asar takan je wani aji da aka ara musu, inda marubuta bakwai ke haɗuwa, manya a kan kujerun yara, gwiwa na dukan tebur. Dokarsu ɗaya ce: ba ka karanta naka, wani ke karantawa, kai kuma ka yi gum. A cikinsu akwai malamar lissafi mai jan biro, wadda ko waƙafi ba ya tsere mata, da wani tsohon direba mai rubuta waƙoƙin da shi kansa bai cika gane su ba.

Ranar da 'Yar Mai Aski ta kawo labarin mai ƙyaure, direban ne ya karanta. Yana cikin tafiya sai rubutu ya ƙare. Ya juya takardar, ya ci karo da neman aikin wani.

"Yau ma?" in ji malamar. "Baiwar Allah, kullum sai kin kai mu tsakiyar ruwa ki ajiye mu?"

Direban ya cire tabarau. "Tsaya tukuna. 'Yata, babanki ba shi ne mai tsagaggen madubin nan ba? Ai na sha aski a wurinsa. Ni da mai ƙyauren nan tare muka tsufa."

'Yar Mai Aski ta matso kusa da shi. "Kawu, don Allah yaya ya ƙare?"

Ya yi dariya har da tari. "Ni ma na tambaya. Cewa ya yi, 'Direba, ni ɗora ƙyaure na iya, mai sauke shi yana nan tafe.' Kuma in labari ya yi masa daɗi, ko aski ya ƙare sai ya yi ta datsa iska a saman kanka. Ni da sanƙon nan nawa na taɓa yin awa guda a kujerarsa!"

Aka fashe da dariya, ita kuwa hawaye ne ya zo mata. Ashe ba rowa Baba ya yi mata ba, ƙarshen ne babu. Malamar ta turo mata jan biron, wanda ba ta taɓa ba kowa aro ba. "To, sai ki sauke masa. Muna nan."

Sau huɗu tana rubutawa suna mayar da ita. A na biyar, da direba ya kai aya, babu wanda ya tashi daga kujerarsa har mai gadi ya zo yana kaɗa makullai.

Washegari da hantsi ta jingina Baba da matashi kusa da taga, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta ɗauko tsohon almakashinsa.

"Baba, gashin nan ya yi yawa."

Ta fara aski, tana ba shi labarin tun daga ambaliya. Furfura na sauka a hankali cikin hasken taga. Amma gashin tsoho nawa yake? Kafin mai ƙyaure ya haye kogi aski ya ƙare. Ta kai hannu za ta kwance ƙyallen, sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya riƙe shi gam.

Ta ɗaga almakashin sama da kansa, ta yi ta datsa iska, har mai ƙyaure ya iso wani ɗaki da ba shi da ƙofa, ya yi sallama, aka amsa, ya sauke kayansa. Baba ya lumshe ido, ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi, sannan ya saki ƙyallen.