Ranar da Inna ta ɗauki takobi

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, akwai abin da ke cina a rai wanda ban faɗa wa kowa ba: na fara manta fuskar mahaifiyata. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a biki, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Da ɗiyata ta fara baki, sai ta shiga tambayata kamannin kakarta. In ce kyakkyawa ce, in tura ta wasa. Ni da ke gane wadda ta sake ɗan kunne a unguwa, ga ni na kasa tuna hancin uwata.

Ƙanwata tana karatu a birnin Madani lokacin. Ta zo hutu ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad, da laptob ɗinta. Tana da wani wasa da ake tsara wa mutum fuska da kaya, sannan a shiga da shi gari ana yaƙi da dodanni. Ni a wurina ɓarnar kahraba ce kawai, ga wutar lantarkin ba kullum take zuwa ba.

Wata rana ina tsince wake a ƙarƙashin rumfa na hango ƙanwata tana jan hancin wata mata a allon laptob ɗin, ya yi tsawo, ya dawo.

Na ce, "Ke, kowa ana iya yi?"

"Kowa, Yaya. Abin da babu cikin wasan ma ni ke ƙara shi da kaina."

"Har Inna?"

Ita tana ƙarama Inna ta rasu. Ta matsa mani a tabarma.

Abin mamaki, ban iya faɗin yadda fuskar take ba, amma da an yi kuskure nake ganewa. Ta ja ido, in ce ba haka ba. Ta rage haɓa, in ce kin rage da yawa. Har ta ƙosa ta ce, "Yaya, ke kam ba-haka-ba kaɗai kika iya." Da wannan ba-haka-ba ɗin muka fito da wushiryar Inna da kumatunta.

Tsage ne suka ba mu wuya. Wasan tabon sara kawai ya sani, sai da ta zana su da hannunta, uku-uku a kowane kunci. Kaya kuwa, ko rigar ƙarfe ko wata doguwar riga wadda ba ta da baya. Na ce Inna ko a mafarki ba ta sa wannan ba. Na buɗe akwati na ɗauko zanenta mai ganye-ganye da nake ɓoyo, muka shimfiɗa a gado, ta ɗauki hotonsa ta lulluɓa wa matar cikin wasan, har da kallabi.

Da ta kunna, sai ga Inna tsaye a tsakiyar kasuwa. Ban gama share hawaye ba na lura mai sayar da dawaki yana da tsagen Inna. Masu gadin ƙofa ma haka. Sarkin garin ma, da gemunsa. Ashe fata ɗaya duk mutanen wasan ke amfani da ita, ƙanwata kuwa a kanta ta zana tsagen.

Muna cikin dariya Baba ya yi sallama, ya dawo daga hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, ƙafafunsa duk taɓon gona. Baba ko kalanda mai hoto ba ya bari a bango, balle a ce an sa matarsa cikin wasa. Na miƙa hannu zan rufe, ya ce, "Bari."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna bakin tabarma ya ce wa ƙanwata, "Goshin ya fi haka faɗi. Ƙara."

Ta ƙara.

"Yauwa. Ita ce." Ya nuna sauran. "Su waɗannan fa?"

"Kuskure ne, Baba, yanzu zan gyara."

"Bar su. Ta samu dangi."

Ɗiyata ta kai hannu ta danna wani wuri, sai Inna ta zare takobi ta kwasa da gudu, zane na kaɗawa. Na rufe ido don kunya. Baba kuwa ya yi dariya har da tari, ya ce wa jikarsa, "Haka kakarki ke gudu ranar da aka sako ruwa a gona, sai dai da fartanya."

Laptob ɗin ba ta tsira ba lokacin da muka bar gida, amma na ɗauki hoton allon a wayata. Na san ba Inna ba ce sak, wuyan ma ya yi tsawo. Sai dai tun ranar, in na rufe ido tana zuwa mani da goshinta daidai, kuma ɗiyata ta daina tambaya. Yanzu ƙawayenta take gaya wa kakarta ta kashe dodo.

Roƙona ɗaya. In kuna da tsofaffin hotunan biki na ƙauyukan wajen Wad Haddad, don Allah ku duba can bayan taro. In kun ga mace mai tsage uku-uku da faffaɗan goshi tana shirin juya baya, ku turo mani.