Layin Benin a ma'aunin Alassan

A Gaya kowa Metir yake kiran Zalika, laƙabin da ake yi wa lauyoyi, ko da yake ba ta taɓa sa baƙar rigar lauyoyi ba. 'Yar manomin shinkafa ce daga Tanda. Ta karanta doka a Yamai, ta yi shekara goma sha ɗaya tana rubuce-rubuce a gidan shari'a, ranar da ta gaji da jiran ƙarin girma ta ajiye musu makullinsu ta dawo gida. Ta kama ɗaki kusa da tasha, ta sa tebur da fanka. Matasan da suka ƙirƙiro wata sana'a ta waya ko ta hasken rana, ita ke yi musu rajistar kamfani, ta rubuta musu yarjejeniya, ta kuma wanke su tas idan suka sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Bakinta da kaifi, amma ba wanda ya taɓa cewa ta cuce shi.

Cikinsu Alassan ne ya fi kwanta mata a rai. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mai gyaran famfon noman rani, ya haɗa wasu ma'aunai guda shida ya kafa a bakin kogi. Da zarar ruwa ya soma hawa, ma'aunin ya aika saƙo ga wayoyin manoma su kwashe abin da za su iya kwashewa. Zalika ce ta yi masa takardu tun daga fari, har tana yi wa mutane alfahari da shi.

Shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki, gadar da ta haɗa Gaya da Benin tana rufe, wata safiyar Talata cikin damina matarsa Rakiya ta faɗo ofis ko sallama babu.

"Metir, sun tafi da shi. Sun ce shina aika labari ƙetare."

A ofishin jami'an tsaro, kan teburin kumandansu, Zalika ta tarar da ma'auni ɗaya an farke cikinsa. Kumandan, mutum mai sanyin murya, ya ɗaga wani ɗan katin waya da farce.

"Madam, kun san wannan?"

Layin Benin ne. A bakin kogi rezon wayar Malanbil, garin Benin da ke tsallake, ya fi kamawa, ba masuncin da bai san haka ba, kuma rabin garin layi biyu suke riƙewa. Alassan ya sa wanda ke aiki ne kawai, kamar yadda kowa zai yi. Ita kuwa da ta bi takardunsa shafi shafi, ko sau ɗaya ba ta tambaye shi wane layi ke cikin na'urar ba. Kunya ta kama ta, da haushin kanta.

Ta shimfiɗa rajista da izinin magajin gari, ta yi bayani har maƙogwaronta ya bushe. Kumandan ya saurara bai katse ta ba.

"Na ji. Amma ni abin da na gani, na'ura ce a kan iyaka tana magana da wata ƙasa dare da rana. Ku kawo mini sunayen masu karɓar saƙon in bincika. In ba haka ba, motar ƙarfe huɗu za ta wuce da shi Doso."

Daga Doso sai Yamai, kuma Zalika ta san yadda dosiye, wato fayil, mai irin wannan tuhuma ke shekara ba a buɗe shi ba. Sunayen suna cikin jakarta, mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Yawancinsu da lambar Benin suka yi rajista. Akwai tsofaffin da ko sunansu ba su iya rubutawa, waɗanda in aka kira su nan aka ce su yi bayani, sai sun ɗaure kansu da bakinsu. Ta danne jakar da gwiwar hannu, ta ce a ba ta minti goma da Alassan.

Yana zaune a benci, ba takalmi. Ta gaya masa yadda ake ciki ba tare da sassautawa ba.

"Kada ki ba su, Yaya. Amana suka ba ni."

"To 'ya'yanka fa? Wa ka bar wa su?"

Ya sunkuyar da kai. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Ta koma wurin kumandan da tayin da ita kanta ta tsana. A cire sauran ma'aunan biyar yau, a gaban jami'ansa, kamfanin ya daina aiki, ita kuma ta tsaya wa Alassan: in aka sake ganin ko waya ɗaya ta na'urar a bakin ruwa, ita za a kama. Kumandan ya daɗe yana juya katin a hannu, sannan ya tura mata farar takarda. Da hannunta ta rubuta, da irin tsabtataccen rubutun da ta yi rajistar kamfanin, ta buga hatiminta a ƙasa.

Da la'asar Alassan ya shiga ruwa har ƙugu yana tumɓuke ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, jami'ai biyu na tsaye. Manoma suka taru a kan gaɓa suna kallo. Da ya ciro na ƙarshe ya miƙa, sai ya tsaya yana duban kogin, jajawur, ya riga ya taɓa saiwar bishiyoyi.

Wani tsoho ya matso kusa da Zalika, ya cire hula.

"Metir, to yanzu in ruwa ya taso, wa zai gaya mana?"

Zalika ta juya wajen Rakiya. Ta ɗauki takalman Alassan da Rakiya ta kawo, ta gangara ta ajiye masa a bakin ruwa.