Ƙullin Barkonon Iya Kande

Duk wanda ya san Iya Kande a garin nan na Sundimina ya san ƙullin nan na bakin zaninta. Wasu tsofaffi goro suke ƙullewa, wasu taba, ita kuwa dakakken barkono. Ko a gidan wa aka ba ta abinci, ba ta kai shi baki sai ta kwance ta barbaɗa. Ranar sunan ɗan Liman aka miƙa mata kunun tsamiya, ta kwance ƙulli. Matar Liman ta ce, "Haba Iya, har a kunu?" Ta ce, "To shi kunun laifin me ya yi da za a bar shi lami?"

Amma inda ta yi suna shi ne faten wake da nama. Ku da kuka zo sadakar arba'in ɗinta yau, akwai wanda bai taɓa ci ba? Da hannunta take tsince waken, wai wake ɗaya ke ɓata gari. Ta dafa ƙirjin akuya a tsohuwar tukunyar ƙasarta har nama ya saki ƙashi, sannan ta zuba wake da 'yar kanwa, ta kawo daddawa da albasa da citta, man shanu ya biyo baya. Barkono kuwa, wayyo! Ba da cokali ba, da tafin hannu. In ka ce yunwa kake ji, amsa ɗaya ce: "Wake ba ya son gaggawa."

Kun tuna shekarar da ake ta fargabar maharan Ningi? Wata rana da hantsi aka hango ƙura daga kudu, aka kwarma ihu, gari ya watse. Wasu suka yi daji, wasu suka miƙi hanyar Birnin Kudu ko takalmi babu. Hansatu, jikar da Iya ta raina tun tana goye, ta kama hannunta tana kuka.

"Iya, taso! Mahara sun zo!"

"Wake bai nuna ba."

"Iya, kama mu za su yi!"

"To su zauna su jira. Ni ban taɓa sauke tukunya da gafi ba, ba kuma a kansu zan fara ba."

Ashe shanun Fulani ne za su mashaya. Da la'asar jarumai suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafa duk ƙaya, ciki na kuka. Iya ta zauna da ludayi tana zuba wa kowa tana cewa, "Sannu da yaƙi. Mutum nawa ka kashe?"

To ni, Sule, da kuke gani, a tukunyar nan na samu matata, kuma saura ƙiris in rasa ta. Daga garin Sara na zo gayyar girbin dawa na ga Hansatu, na ji duniya in ba ita ba sai rijiya. Ashe akwai wani Mati, ɗan masu rini a Birnin Kudu, mai rigar shuni tana ƙyalli, shi ma yana nema. Yarinya ta ce duk wanda Iya ta yarda da shi cikinmu, ta amince. Iya ta sa aka kira mu rana guda.

Muna zaune a zaure sai ga akushi biyu na faten wake. Kun dai san al'ada, mai neman aure ba ya cin abinci a gidan surukai, sai dai ya buɗe ya rufe ya yi godiya. Muka buɗe muka rufe. Sai ga Iya ta jawo kujerarta ta tsare ƙofa.

Ta ce, "Ni kaka ce, babu kunya tsakaninmu. Wanda bai ga gindin akushi ba, ba zai ga Hansatu ba."

Na yi bismilla na kai loma. Jama'a! Na ji kamar na haɗiyi garwashi. Kunnuwana suka toshe, hanci ya ɓalle, hawaye wani na bin wani. Na saci kallon Mati, na ga rigarsa ta jiƙe, shunin ya sauka a wuyansa. Haka muka yi ta ɗura, babu mai neman ruwa don kada a ce ya gaza.

Da muka gama ta dubi Mati. "Yaya ka ji yajin?"

Ya share hanci ya ce, "Wane yaji, Iya? Ai ko kaɗan ban ji ba."

Ta juyo kaina. Na so in yi irin tasa, amma harshe ya ƙi. Na ce, "Iya, daɗi kam akwai, amma wallahi kin kashe ni. A taimake ni da ruwa."

Shi ke nan, na ce a raina, na zubar da kaina, Hansatu ta tafi. Sai tsohuwa ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Ta ce, "Ninki biyu na zuba, ni kaina ba zan iya ci ba! Kai mai shuni, hawaye har haɓa kana cewa ba yaji? Wanda zai yi ƙarya a kan wake, zai yi a kan jikata." Ta ɗaga murya: "Hansatu, kawo wa mijinki ruwa!"

Tun daga ranar ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai Mai Neman Ruwa. Har 'ya'yana sun ɗauka sunan yanka ne.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta ce faten wake take marmari. Hansatu ta dafa mai laushi, ta hana barkono saboda ƙirjinta. Iya ta ɗanɗana, ta ɓata fuska. "Wannan na gawa ne? Ai da saurana." Ta lalubi bakin zani, ta kwance, ta barbaɗa, ta ci loma uku tana lumshe ido. Abincinta na ƙarshe ke nan.

Matan da suka yi mata wanka sun tarar da sauran ƙullin, suka ba Hansatu. Shi ta juye a tukunyar da aka zuba muku yau. Saboda haka in kun ga ina share ido, ku ce barkono ne.

A'a. Ba zan yi ƙarya a kan waken Iya ba. Kewarta ce.

Allah Ya jiƙan Iya Kande, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta taɓa barin kowa ya fita gidanta da yunwa ba, Allah Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Amin.