Ƙafar Inna da Malamin Dabbobi

Shekarun baya, zamanin Turawa, ni malamin dabbobi ne a ƙasar Haɗejiya. Aikina bin rugage a fadama ina yi wa shanu allura, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don ko bijimin da ya fi kowanne taurin kai na san ta inda ake kama shi. A ƙauyenmu kusa da Auyo likita suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Wata damina kurkunu ya fito wa mahaifiyata a idon sahu. Kogi ya cika ya shanye hanya, ita kuma ta ce ba mai sa ta cikin kwalekwale zuwa asibiti alhali ta haifi likita. Kaina ya ƙara girma. Kullum da safe in wanke wurin da maganin da muke wanke gyambon shanu, in naɗe kurkunun a tsinke kaɗan-kaɗan, in danna nan in matsa can. In ta motsa sai in dafa ta in ce, "Tsaya, tsaya." Ranar farko har na waiwaya ina neman wanda zai riƙe mini ita.

Mun kwana shida a haka, zazzaɓi sai ƙaruwa yake yi. Ran na bakwai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, a makarantar taku ba a tambayar mai ciwo ne?"

Na ce, "Inna, ai ga ciwon ina gani."

Ta ce, "Wannan kake gani. Wanda ya hana ni sakat yana bayan gwiwa."

Kunya ce ta hana ta ɗaga mini zane, ni kuma saniya ba ta taɓa gaya mini komai ba, don haka ban saba tambaya ba. Da na duba, wani kurkunun ne ya mutu a ciki, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Muka sa ta a kwalekwale, ba ta ƙara musu ba.

A asibiti aka tsaga aka ceci ƙafar, amma gwiwar ta sandare. Tana kwance na gaya mata zan ajiye aikin dabbobi in nemi makarantar likitan mutane a Kano. Ta yi dariya ta ce, "Allah Ya ba da sa'a. Shanun ma sa huta."

Na nema, aka ɗauke ni. Har yau in mara lafiya ya zauna gabana, sai na ji bakinsa kafin hannuna ya taɓa shi. Inna dai da miƙaƙƙiyar ƙafa ta yi sallarta har ƙarshen ranta, kuma ko sau ɗaya ba ta gaya wa kowa dalili ba.