Aljihun Dama, Aljihun Hagu

Tun da hanya ta lalace, mutanen ƙauyenmu da ke bayan Unguwar Lalle suka daina zuwa asibiti da kansu sai abu ya yi tsanani. Wa zai ɗora tsohuwa a babur ya ratsa dajin nan saboda ƙwaya? Ranar kasuwa akan tara katunan asibiti a ba mutum ɗaya ya karɓo wa kowa. A unguwarmu Kawu ne ɗan aiken, ƙanen Inna, mai fataucin albasa zuwa Nijar. Ni ina koyarwa a garin Isa, sai da hutu nake ganin gida.

Inna tana da hawan jini, maƙwabcinmu kuma, wani dattijo mai kiwon tumaki, yana da ciwon suga. Na san tagar ba da maganin nan sarai. Mai ba da magani yakan ɗebo daga babbar roba ya zuba a 'yar leda, ya ja layi ɗaya da biro, wato a sha ɗaya da safe, ya miƙo ko kallonka bai yi ba. Ba sunan mai shi, ba sunan maganin. Na Inna fari ne ƙarami, na dattijon ma fari ne ƙarami. Sai Kawu ya yi tasa dabarar: na Inna a aljihun dama, na dattijo a aljihun hagu. Ran mutum biyu ke nan, an rataye shi a aljihun mai albasa.

Wata ranar kasuwa masu shingen bincike suka tare shi a hanya, suka sa ya zazzage aljihunansa a ƙasa. Ya tsince kayansa, ya mayar da ledojin yadda yake zaton suke.

Inna ta yi ta shan nata kamar kullum. Wata safiya tana shara sai gumi ya karyo mata, jiki ya ɗauki ɓari, ta fara sambatu, ta zube kusa da turmi. Har an ce iska ce, an hura garwashin turare. Matar dattijon ce ta shigo, ta taɓa ganin irin wannan a jikin mijinta, ta lakato zuma ta yi ta goga mata a dasashi har ta buɗe ido.

Da labari ya iske ni, na je gida na kwashi ledojin biyu, ban zame ko'ina ba sai tagar nan. Na ajiye su gaban mai ba da maganin.

"Malam, wanne na na hawan jini cikin wa'annan?"

Ya juya su, ya ɗaga su sama ya duba, ya kira abokin aikinsa suka haɗa kai. Shi da ya zuba da hannunsa! Na ji kamar in fizge ƙarfen tagar. Na faɗa masa abin da ya faru, ina jiran ko da sannu ce.

"Laihin ɗan aike na," in ji shi. "Dubi layin ga. In nit tsaya rubuta suna, yaushe za ni sallamar mutane? Ku riƙa taho da mai ciwon mana."

"Ta hanyar ga? Kai ka iya ɗauko taka uwar ka biyo ta?"

Ya kira na bayana. Ban ce aiki bai yi masa yawa ba, na ga layin da idona. Amma biron da ya ja layi da shi yana hannunsa, kuma sunan Inna bai fi harafi biyar ba. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Inna ta tashi, amma ta rantse ita da ƙwayar asibiti har abada. Na roƙe ta, na yi faɗa, na rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a kan leda da boko da ajami.

"Ɗan nan, bar ni," ta ce. "Hwarin abin ga shi yak kusa kai ni kushewa."

Kawu ya daina karɓar saƙon kowa, ko gidanmu ba ya son shiga. Jinin kuwa bai san an yi rantsuwa ba, ya ci gaba da hawa. Kafin damina ta fita ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace.

Yanzu tana wurina a Isa, ni nake ba ta kunu da cokali kafin in tafi makaranta. Magana ba ta fita, amma duk cokalin da na miƙa sai ta shinshina shi, ta zuba mini ido tana neman gaskiya a fuskata. Nakan ce, "Kunu na, Inna, ba komi ciki." Sannan ta buɗe baki. Ƙwayar tana ciki, ni na daka ta, kuma uwata nake yi wa ƙarya kowace safiya saboda wani ya ga rubuta suna ɓata lokaci ne.