Ƙafar Yaya Ta Ƙi Warkewa A Waya

Yayana kafinta ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya roƙi kowa ko allura ba. Irin mutanen nan ne da in ka ba su ruwan sha sai sun duba ko ƙofarka na bukatar gyara. Shagonsa na bakin titi, rumfar kwano ce da dogon tebur, zarto da guduma a rataye, ga lambar wayarsa da ya rubuta da jan fenti a jikin allo. Da wannan lambar ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya.

Shekarun baya ya faɗo daga tsani yana rufin wani gida, ƙafar hagu ta karye. Yana asibiti ƙanen matarsa ya zo dubiya. Shi wannan ƙanen mata turare yake sayarwa ta waya. Ba shi da shago, kunya ma ba ta dame shi ba. Ya ɗauki Yaya hoto yana barci, baki buɗe, ƙafa a sama cikin filasta. Ya rubuta a ƙasa cewa magidanci ne mai iyali, a taimaka don Allah, a tura wa mutum goma. Ya sa lambar Yaya. Can ƙasa kuma ya ƙara da cewa sabon turare ya iso. Sai ya watsa hoton ta waya.

Ƙarar waya ce ta tashi Yaya. Da ya gane abin da aka yi ya ce a goge maza. Ƙanen mata ya goge nasa, har da nuna masa. Amma hoton ya riga ya shiga guruf ɗin dangi, daga nan na unguwa, daga nan sai inda Allah ya kai shi.

Kafin shekara ta zagayo ƙafa ta warke sarai. Hoton ne ya ƙi warkewa. Duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri. 'Ya'yan Yaya biyar suka zama tara, wani wurin ma marayu ne alhali ga ubansu a hoton. A wani guruf mota ce ta buge shi. A wani kuma ranar Litinin za a yanke ƙafar, ba a dai faɗi wace Litinin ba. Wani mai maganin ƙashi ya jera hoton da na wani ƙato yana ɗaga buhu, wai kafin shan maganinsa da bayan sha. Ni ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, an turo mini an ce in ji tsoron Allah in tura.

Yaya yana tsakiyar aiki sai waya ta yi ƙara. Ya cire ƙusa daga baki ya ɗauka.

"Bawan Allah, ya jiki?"

"Na warke, Hajiya, na gode. Taimakon ki ba wani."

"Allah sarki, ga haƙuri," in ji mai kira.

Na ce masa, "Yaya, ka canja lambar nan mana ka huta."

Ya ce, "Masu ba ni aiki ita suka sani."

Masu aikin kuwa sun daina kira. Wa zai ba da rufin gida ga mutumin da za a yanke wa ƙafa ranar Litinin? Sai su wuce ta gaban shago, su ɗaga hannu cikin tausayi, su kai aikin wurin kafintan ƙasan layi. Har injin yanka katako sai da Yaya ya sayar.

Babbar 'yarsa ta ɗauke shi bidiyo a kan tsani, da katako a kafaɗa, yana cewa ya warke. Dangi suka ce barka, babu wanda ya tura gaba. Ƙanen mata ya kalla ya girgiza kai. "Yaya, mai lafiya wa zai tura shi? Da dai ka ɗan yi hawaye." A ranar, ba don an riƙe ni ba, da ya ga hawaye.

Aiki ɗaya ne ya rage da ke riƙe da shagon, gyaran bencinan wata makaranta da yake yi duk hutu. Da hutu ya zo ba a kira shi ba, sai ya sa kayansa masu kyau ya tafi da ƙafa. Na bi shi, don hanyar kasuwa ce. Ofishin shugabar makarantar a sama yake, ya hau benen da sauri bai dafa komai ba.

Shugabar ta miƙe. "Malam kafinta, kai da kanka? A ba shi kujera."

"A tsaye ma lafiya, ranki ya daɗe. Maganar bencina ce ta kawo ni."

Ta juyo masa da fuskar wayarta. "Jiya-jiya aka turo mana. Ina kai ina benci?"

"Tsohon hoto ne. Ga ƙafar nan." Ya buga ta a ƙasa.

"Haka masu zuciya kuke faɗa. Aikin mun riga mun bayar, don kada mu ɗora maka wahala." Ta buɗe durowa ta zaro ambulan mai kuɗi a ciki, ta ce malamai ne suka haɗa, ta cusa masa a aljihu.

Yaya ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi matar ba ta yi abin zagi ba. Ina jira ya fitar ya ajiye mata a tebur. Bai fitar ba.

Muka koma shago. Tebur fes, ko garin katako babu a ƙasa. Ya zauna ke nan waya ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauka, ina jin muryar wani dattijo yana tambayar jiki.

"Da sauƙi," in ji Yaya.

Na ɗauki kwandona na wuce kasuwa, don ba na son ya ga fuskata.